Yadda za ka ji daɗin wasan barkwanci ko da an haɗa ka da masu damun jama'a

Wasan barkwancin da ake yi a gaban 'yan kallo, lokaci ne ƙashin bayansa. Ɗan wasa yakan fara da shimfiɗa, ya jero wa mai kallo bayanin da yake bukata, ya ɗan yi shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya saki maganar da za ta sa zaure ya ɓarke da dariya. Wanda shimfiɗar ta wuce shi, ko ya ji maganar ƙarshe ba za ta ba shi dariya ba, sai dai ya ga kowa na ƙyaƙyatawa shi yana rarraba ido. Abin da mai surutu a bayanka yake raba ka da shi ke nan, kuma a dandamali babu mai mayar maka da wasa baya kamar yadda ake yi da fim a waya.

Akwai wata dabara ta 'yan wasa da ya kamata mai kallo ya sani. Idan dariya ta tashi sukan dakata. Ba sa jira ta mutu gaba ɗaya, da zarar ta kai ganiyarta ta fara sauka sai su shigo da magana ta gaba, don kada zaure ya huce. Saboda haka 'yan daƙiƙun da ke bin bayan babbar dariya su ne mafi tsada a wasan, domin a nan ake fara shimfiɗar barkwanci na gaba. Kuma daidai nan ne mutane suka fi juyawa su maimaita wa na kusa da su abin da aka faɗa. Wanda ya gane wannan zai san lokacin da ya kamata shi kansa ya kama bakinsa, zai kuma san lokacin da zai yi wa wani magana ba tare da ya ƙara ɓarna ba.

Tun kafin a ɗaga labule

Rabin matsalar a wurin zaɓen kujera ake kashe ta. Barkwanci a fuska yake: ɗaga gira, murguɗa baki, satar kallo. Idan nisanka da dandamali ya haura kamar mita 20, waɗannan ƙananan motsin fuska sun fara ɓace maka, don haka a babban zaure ka nemi tsakiya, daga wajen layi na biyar zuwa na goma sha biyu. Layin farko yakan sa wuya ciwo idan dandamalin na da tudu, kuma a wasan da ɗan wasa ke tsokanar 'yan kallo, na gaba ne ake fara cafkewa. Kujerun can gefe suna ɓoye wani sashe na dandamali, abin da ke cutar da kai ƙwarai a irin wasan nan na shige da fice, inda wani ke laɓe bayan ƙofa wani na nemansa. Idan zauren mai bene ne, layukan da ke can ƙarƙashin rumfar benen sauti ba ya isa gare su tas. Layukan baya kuwa, a nan masu hira da latsa waya suka fi taruwa, don suna ganin ba mai ganin su.

Kujerar bakin hanya tana da amfani ɗaya babba: za ka iya tashi ka kira ma'aikaci ko ka canza wuri ba ka taka ƙafar kowa ba. Illarta ita ce duk mai shiga da fita ta kanka zai bi.

Ka isa da minti 20 zuwa 30 kafin lokaci. Ka shiga banɗaki, ka nemi kujerarka fitilu na kunne, ka lura da inda ma'aikatan zaure suke tsayawa, wato masu duba tikiti da nuna wa mutane wurin zama. Ka tambayi ɗayansu ko akwai hutu a tsakiyar wasa. Wasannin da suka kai awa biyu yawanci ana ba da hutun minti 15 zuwa 20, gajeru kuwa sau da yawa ana yin su ne a tashi ɗaya. Sanin wannan zai gaya maka ko damuwar da ka tarar ta jiran hutu ce ko ta magancewa nan take.

Sai kuma abin da mutane ke rainawa: ka gaisa da na damanka da na hagunka, har da na bayanka idan kun haɗa ido. Mutumin da kuka gaisa kafin a kashe fitila ya fi saurin karɓar maganarka idan ka roƙe shi wani abu a cikin duhu.

Wayarka kuwa ka kashe ta gaba ɗaya. Rufe mata sauti bai wadatar ba, domin ƙararrawar da ka saita tana bugawa ko da wayar na shiru, kuma jijjigarta a kan hannun kujera ko cikin jaka mai makullai ana jin ta layi biyu. Agogon hannu mai haske shi ma yakan kunna kansa duk lokacin da ka ɗaga hannu za ka tafa, ka rufe haskensa. Idan kana fama da tari, ka buɗe murfin gorar ruwanka tun da wuri, duk abin da ke cikin leda ka fito da shi kafin a fara. Buɗe leda a hankali cikin shiru ya fi buɗe ta da sauri damun mutane, saboda ƙarar tana daɗewa.

Wace hayaniya ce ta wasa, wace ce ta ɓata wasa

A nan masu kallo da yawa suke kuskure, su shiga hana abin da shi ne ran wasan. Dariya mai ƙarfi, tafi, shewa, buga cinya, mutum ya ce "kai!" ko "wayyo cikina", duk waɗannan 'yan wasa na son su, da su suke auna tafiyar wasan. Masanin nan ɗan Amurka Robert Provine, wanda ya daɗe yana nazarin dariya, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya a cikin jama'a kusan ninki 30 a kan yadda yake yi idan shi kaɗai ne. Mai dariyar da ta cika maka kunne yana cikin waɗanda ke kunna sauran zauren. Ka ƙyale shi, ko da dariyarsa ba ta yi maka daɗi ba.

Ma'aunin shi ne: sautin nan martani ne ga abin da ke faruwa a dandamali, ko kuwa wani abu ne daban da ke gogayya da shi? Hira, amsa waya, faɗin maganar ɗan wasa kafin ya faɗa, jefa wa 'yan wasa magana ba su nema ba, waɗannan su ne ɓata wasa. Ka lura kuma da irin wasan. Akwai wanda ɗan wasa ke juyowa ya tambayi jama'a su amsa, a nan magana daga zaure halal ce a daidai lokacin da aka neme ta. Akwai kuma wanda 'yan wasa ke yi kamar babu kowa a gabansu, a nan ba a tsoma baki.

Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka ɗan yi nazarinsa. Akwai masu lalurar da ke sa su yin sauti ko motsi ba da son ransu ba. Akwai mai matsalar ji da ke karanta rubutun maganganun wasa a na'ura, akwai makaho da ɗan rakiyarsa ke raɗa masa abin da ke gudana, akwai mai ciwon sukari da ke duba ma'auninsa a waya. Idan ka ga alamar haka, mafita ita ce ka nemi a canza maka wuri, ba tare da ka ce masa uffan ba.

Yadda ake yi wa mutum magana

Ƙa'idar da ke sama da kowace: kada gyaran da za ka yi ya fi laifin hayaniya. Mai raɗa yana damun mutum shida da ke kewaye da shi. Wanda ya juya ya daka masa tsawa ya dami mutum ɗari, ya kuma karkatar da hankalin 'yan wasa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Da farko ka ba shi minti biyu zuwa uku. Yawancin surutun farkon wasa da kansa yake mutuwa idan labari ya kama mutane. Waya da ta yi ƙara sau ɗaya mai ita ya kashe ta da sauri, wannan ya wuce, kunyar da ya ji ta ishe shi.

Idan abin ya ci gaba, ka juya rabin jiki ka dube shi na daƙiƙa biyu, fuskarka a sake, ba harara ba tsaki. Da yawa ba su san muryarsu na fita ba. Zauren wasa an gina shi ne don ya ɗauki sauti, kuma raɗa tana da wani kaifi na "s" da "sh" da ke ratsa shiru fiye da magana ƙasa-ƙasa. Kallo ɗaya yakan isa ya sanar da mutum cewa ana jin sa.

Idan kallo bai yi ba, sai magana, kuma lokacin yin ta ya fi kalmominta muhimmanci. Ka jira a yi tafi, ko a rage fitila don canjin fitowa, ko dariya na kan ganiyarta. A wannan lokacin babu wanda zai ji ka sai shi, ba za ka kunyata shi a gaban jama'a ba, kuma ba ka rufe maganar ɗan wasa ba. Ka matsa kusa, ka faɗi jimla ɗaya, gajera, wadda ta ambaci matsalarka da abin da kake so:

"Malam, don Allah a yi haƙuri, ba na jin abin da suke faɗa."

"Hajiya, hasken wayar na shiga idona, a taimaka a rufe."

"Ɗan'uwa, ƙafarka na taɓa kujerata."

Ka lura babu "kai wane irin mutum ne", babu "ba ku da tarbiyya". Maganar da ta taɓa halin mutum amsa take nema, kuma amsar ta fi surutun farko tsawo. Wadda ta tsaya a kan kunnenka ko idonka kuwa ba ta bar masa abin musu ba. Da ka faɗa, ka ce "na gode" tun bai amsa ba, ka juya ga dandamali. Juyawar nan tana da muhimmanci: idan ka ci gaba da kallonsa kana jiran ya bi umarni, ka mayar da abin gwajin ƙarfi, shi kuma ba zai so a ga ya rusuna ba, musamman idan yana tare da iyalinsa ko abokansa. Idan dattijo ne, ka ƙara sassauta murya, "Baba, a gafarce ni" kafin ka faɗi bukatarka.

Dogon "shhh" da ake jefawa cikin duhu ba ya aiki sosai. Ba a san da wa ake ba, yana da ƙara, kuma yakan jawo wasu su ma su yi, zaure ya cika da shi.

Sau ɗaya ake roƙo, iyaka biyu. Bayan nan aikin ya koma hannun ma'aikatan zaure, su ne ke da ikon gargaɗi da canza wa mutum wuri da fitar da shi. Idan akwai hutu a kusa ka jira shi. Idan babu, ka fita a lokacin canjin fitowa, kana sunkuye. Ka ba ma'aikaci bayanin da zai iya aiki da shi: lambar layi, lambar kujera ko kalar rigar mutumin, abin da yake yi, tun yaushe, da cewa ka riga ka roƙe shi. "Wasu na damun mu a can" ba ya kai ma'aikaci ko'ina cikin duhu. Ka kuma tambaya ko akwai kujerar da ba kowa. Wurare da yawa suna ajiye 'yan kujeru saboda irin wannan, kuma bayan hutu kujerun waɗanda ba su zo ba sun tabbata babu kowa. Komawa wani wuri shi ne mafi saurin magani, ko da kana ganin kai ne mai gaskiya.

Masu damun da aka fi haɗuwa da su

Mafi ɓarna a wasan barkwanci shi ne wanda ya taɓa kallon wasan, yana riga ɗan wasa faɗin maganar ƙarshe, ko yana cewa "ku tsaya ku ga abin da zai faru yanzu". Dariya daga ba-zata take fitowa, idan an riga an faɗa ta mutu. Wannan ba a ba shi minti uku. Tun a karo na biyu ka ce masa, "Malam, mu yau muka fara gani, a bar mu mu ji daga bakinsu." Yawanci zumuɗi ne ke ɗibarsa, kuma yakan daina.

Na biyu mai yi wa abokinsa sharhi ko fassara. Idan abokin ba ya jin harshen da ake wasan da shi, hana su gaba ɗaya zalunci ne. Ka roƙe su su rage murya su kuma bari sai lokacin tafi, ko a nema musu kujerun gefe.

Mai latsa waya yana ganin tunda bai yi ƙara ba bai dami kowa ba. Amma ido idan ya saba da duhu, ɗan haske kaɗan yana fizgar sa, kuma gefen ido ya fi tsakiyarsa saurin kama haske da motsi a cikin duhu. Shi ya sa waya ɗaya a layi na huɗu take jan idon duk wanda ke bayanta, 'yan wasa ma daga dandamali suna hango fuskar mai ita tana haske. Idan yana kusa ka roƙe shi. Idan ya yi nisa, ka ɗaga takardar shirin wasa ko tafin hannunka ka kare gefen idonka har zuwa hutu. Mai ɗaukar bidiyo kuwa kai tsaye ma'aikata za ka gaya wa. Yawancin wurare sun hana ɗauka saboda haƙƙin marubuci da na 'yan wasa, kuma barkwancin da ya yaɗu a intanet ya rage daraja ga waɗanda za su zo gobe. Filasha, wato walƙiyar hasken kyamara, ta fi muni, tana iya ɗauke wa ɗan wasa gani na ɗan lokaci yana tsaye a bakin dandamali. Kada ka kai hannu kan wayar kowa, komai haushin da ka ji.

Masu zuwa a makare, ka tashi tsaye ka manne da kujerarka su wuce da sauri, ya fi ka zauna suna tsallake gwiwoyinka. Idan ka tarar da wani a kujerarka kuma an riga an fara, ka zauna a duk inda ka samu, a warware a hutu da tikiti a hannu.

Idan dogon mutum ne a gabanka, ba laifinsa ba ne, ku yi musanyar wuri da wanda kuka zo tare. Idan kuwa yana sunkuyowa gaba ne ya dafa kujerar gabansa, musamman a bene, wannan yana tare wa na baya dandamali, kuma yawanci bai sani ba. "A ɗan jingina baya don Allah" ya isa.

Yaro mai shure-shure ko kuka, da iyayensa ake magana, cikin taushi, ba a tsawata wa ɗan wani. Uwar da jaririnta ke kuka ta fi kowa shiga damuwa a zauren. Idan ka matsa mata hanya ta fita, ka taimake ta ka taimaki kanka.

Sai mai jefa wa 'yan wasa magana daga zaure. Kada ka rama musu, kada ka ce masa ya yi shiru da ƙarfi. Ƙwararren ɗan barkwanci yana da amsoshin da ya tanada domin irinsa, kuma makirufo na hannunsa. Abin da mai katsalandan ke nema shi ne a kula shi, don haka kada ka yi dariyar maganarsa, kada ka juya ka kalle shi. Idan ɗan wasa ya mayar masa da martani jama'a suka tafa, ka tafa tare da su, wannan ne ke nuna masa zaure ba ya bayansa. Idan ka ga alamar maye a tare da shi, ko ya fara zagi, ko ya miƙe tsaye, kada ka yi masa magana ko sau ɗaya. Ka tashi daga kusa da shi ka sanar da ma'aikata ko masu tsaro. Haka nan idan wanda ka roƙa cikin ladabi ya hayayyaƙo maka: kada ka amsa, kada ka nuna shi da yatsa, kada ka tsaya jiran sa a ƙofa bayan an tashi.

Idan mai damun cikin waɗanda ka zo da su ne, nauyin a kanka yake, kada ka bari baƙo ya riga ka. Ka dafa hannunsa ka ce "sai an fita". Idan da yara za ka, ka duba shekarun da masu wasan suka ƙayyade, domin barkwanci da yawa na manya ne, ka zaɓi bakin hanya, ka kuma gaya musu tun a gida cewa dariya da tafi an yarda, tambaya kuwa sai hutu.

Dawo da hankalinka kan wasa

Sau da yawa mai surutu ya daɗe da yin shiru amma kai kana nan kana tafasa, kunnenka na bayanka yana jiran ya sake. Haushi da dariya ba sa zama wuri ɗaya, don haka sai ka dawo da kanka da gangan. Ka sauke kafaɗa, ka ja dogon numfashi sau biyu ko uku, ka zaɓi ɗan wasa ɗaya ka kafa masa ido, har da lokacin da ba shi ke magana ba, domin a wasan barkwanci fuskar mai sauraro takan fi ta mai magana ban dariya. Idan wata magana ta wuce ka, kada ka tambayi na kusa "me ya ce?", kai ma ka zama mai damun. Marubutan barkwanci suna yawan dawo da abin da suka faɗa a baya, za ka tsinci zaren a gaba.

Idan damuwar ta cinye maka wasan duka kuma ka sanar da ma'aikata ba a yi komai ba, ka nemi shugaban zaure kafin ka bar wurin, ko ka rubuta musu washegari. Ka ambaci rana, lokacin wasa, lambar kujerarka, abin da ya faru da lokacin da ka kai ƙara. Ka ajiye tikitinka. Wasu wuraren sukan ba da damar sake kallo a wata rana, kuma ƙorafin da ya zo da lambar layi da lokaci shi ne ke sa su ƙara ma'aikaci a wannan sashe ko su gyara sanarwar da suke yi kafin a ɗaga labule.